Jaridar Gefen Shafi: Sharhi a Kan Rubuce-rubucen Ɗalibai Cikin Littattafan Laburare

Gabatarwa

Kafin in ce komai, ina neman afuwa wajen malamaina na sashe, domin abin da zan yi sharhi a kansa ba ya cikin manhaja, ba shi da mawallafi, ba shi da maɗaba'a, kuma dokar laburare ta hana shi. Wannan abu kuwa shi ne 'yan rubuce-rubucen nan da ɗalibai kan yi a gefen shafukan littattafan aro, da cikin bango, da bayan takardar nan da ake buga wa tambarin ranar dawo da littafi. Ni na raɗa masa suna jaridar gefen shafi, saboda akwai labaran yau da kullum a ciki, akwai ra'ayi, akwai wasiƙun masu karatu, har da filin raha. Edita kaɗai ta rasa.

Yadda aka yi na faɗa cikin wannan nazari shi ne, a zangon karatun da ya wuce an ba mu aikin gida a kan Jiki Magayi. Na shiga laburare da azahar, wuta ta ɗauke, fankoki sun tsaya cik, rabin mutanen zauren sun kifa kai bisa tebur. Na nufi kantarmu. Laburarenmu, kamar galibin na jami'o'in ƙasar nan, yana bin tsarin jera littattafai na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, kuma a wannan tsari an ba Hausa daga lamba PL8231 zuwa PL8234. Wato harshen da miliyoyin mutane ke kwana da tashi da shi, lamba huɗu ya samu, can kusa da bango inda gizo-gizo ke saƙa. Na zaro littafin na zauna. Kafin la'asar na karanta gefensa kaf, cikinsa kuwa ko babi ɗaya ban gama ba. Tun daga ranar na riƙa bin sauran littattafan kantar ɗaya bayan ɗaya, abin da na gani shi ne zan baje a nan.

Asalin Al'adar

Kada mai karatu ya ɗauka 'yan boko ne suka ƙago rubutu a gefen littafi. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure ya san hashiya, wato bayanin da malami ko almajiri kan rubuta a gefen matani ko tsakanin layuka. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu da ke ajiye a wurare irin su Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna ɗauke da irin wannan. Wani lokaci bayanin da Larabci ne, wani lokaci da ajamin Hausa ko Fillanci, don a fassara kalma mai wuya. Masu kwafar littattafai ma sukan bar fili a gefe da gangan saboda haka.

Sai dai akwai bambanci guda biyu da ya kamata mu riƙe tun yanzu. Na farko, malamin zaure a littafinsa yake rubutu, ko wanda ya gada, ko wanda ya kwafa da hannunsa. Na biyu, don ya sauƙaƙa wa na baya yake yi. Mu kuwa a littafin jama'a muke yi, sau da yawa kuma don mu huce haushinmu. Zan komo kan wannan a gaba.

Labaran Yau da Kullum

Kashi na farko na jaridar nan, kuma mafi yawa, ba ruwansa da littafin da aka rubuta shi a ciki. Ɗalibi ne ya gaji da karatu, ga biro a hannu, ga farar takarda a gefe. A bayan bangon wani kwafin Magana Jari Ce na biyu na tarar da lissafin kuɗin wata na wani bawan Allah: garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, sabulu, kuɗin mota zuwa gida. Ya tara, ya ɗebe daga abin da aka aiko masa, abin bai kai ba, sai ya soke sukari. Ya sake tarawa, bai kai ba, ya soke sabulu. A ƙasa wani da baƙar biro ya ba shi shawara ya soke zuwa gida. Ban san ko shekara nawa ke tsakanin su biyun ba, amma ban taɓa karanta labarin zaman ɗalibi da ya fi wannan gajarta da cika ba.

Akwai masu sanar da cewa kwana uku ba ruwa a ɗakin kwana. Akwai mai cigiyar hularsa da ya manta bisa tebur na kusa da taga. Akwai mai gargaɗin na baya cewa wani malami, wanda ba zan kama sunansa ba ko da yake shi ya kama, ba ya fita daga babi na uku in zai yi tambayar jarrabawa. Akwai kuma masu soyayya, waɗanda suka fi son So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda aka buga a 1980. Kusan duk inda aka ambaci Boɗaɗo da Yasir, sai ka ga wani ya zana zuciya ya sa haruffa biyu. Wata baiwar Allah ta bi su duka ta rubuta musu addu'ar Allah ya sa su gama digiri tukuna.

Ita kanta takardar tambarin nan labari ce ga mai lura. A littattafai da dama za ka ga kwanakin aro sun tsaya a farkon 2022, ba su sake tashi ba sai ƙarshen shekarar, wato wata takwas ɗin nan da malaman jami'o'i suka yi suna yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Za ka kuma ga a shekarun baya tambari kan tambari har ana liƙa sabuwar takarda, amma a 'yan shekarun nan sai littafi ya shekara ba a are shi ba. Dalili a fili yake: yanzu mutum kan zo da wayarsa ya ɗauki hoton shafukan da malami ya ambata, ya mayar da littafi ya yi gaba.

Sharhin Adabi

Kashi na biyu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin a nan ne ɗalibai ke faɗin ra'ayinsu a kan littafin kansa. Zan kawo misalai daga littattafan gasar 1933, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East, don su ne suka fi shan hannu.

A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, daidai wurin da Alhaji Imam ke rama wa Malam Zurƙe ɗan Muhamman wata muguntar, wani ya rubuta da fensir: "To, wane ne na kirkin a cikinsu?" Ina ganin wannan tambaya ta fi yawancin abin da muke rubutawa a jarrabawa nauyi. Mun saba cewa jigon littafin shi ne jarunta da biyayya ga iyaye, saboda Alhaji Imam ya fita neman ruwan ne don ya fid da Liman kunya a gaban sarki. Gaskiya ne. Amma a kan hanya, ƙarya da damfara da cuta babu wadda Zurƙe ya yi da Alhaji bai yi kwatankwacinta ba. Abin da ya raba su shi ne Alhaji ke ba da labarin, don haka idan ya yi cuta sai mu kira ta dabara, idan Zurƙe ya yi sai mu kira ta mugunta. Mai fensirin nan ya gano cewa mai ba da labari ba shaida ne adali ba, ya kuwa gano haka ba tare da an koya masa a aji ba.

A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wata hannu mai kyan rubutu ta sa a cikin bango cewa da an tambaye ta, da sunan uwar Umar za a sa wa littafin. Da farko na yi dariya, daga baya na ga tana da hujja. Umar tun yana yaro ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu, har Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Larabawa ya yi karatu ya zama malami. Abubuwa faruwa suke yi da shi. Uwarsa kuwa ita ce ta yanke shawara da kanta ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta ƙetare hamada cikin wahala, ta gan shi a Tarabulus, sa'an nan ta cika. In tauraro shi ne wanda ya zaɓi hanya ya kuma biya kuɗinta, to lalle maganar wannan ɗaliba abin dubawa ce. A can gaba wani ya yi ƙorafin cewa marubucin yana ba da labarin bauta cikin sanyin murya kamar mai ba da labarin kasuwa. Wani kuma ya amsa masa cewa sanyin muryar ne ya sa abin ke sosa rai, tun da tsohon malami ne ke magana da almajiransa, kuma ya riga ya mayar da komai ga ƙaddara. Wannan musu na mutum biyu da ba su san juna ba ya isa a yi kundin digiri a kansa.

A Jiki Magayi na John Tafida da East, gardamar a kan alhaki take. Malam Shaihu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab, Abubakar ya tafi neman asirin ramuwa, ramuwar kuma ta sauka a kan Kyauta, yaron da ba a haifa ba lokacin da aka yi laifin. Wani ya rubuta cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. Wani ya ja layi daga nan ya tambaya: "Shi Kyauta me ya shuka?" Na uku ya ƙara da cewa Zainab fa, wa ya taɓa tambayarta? A Ganɗoki na Bello Kagara kuwa, abin da ke ci wa masu biro tuwo a ƙwarya shi ne yadda jarumin da ya buɗe littafi da yaƙar Turawa ya rufe shi cikin lumana da zamaninsu. Ɗaya ya zarge shi da sallamawa. Wani ya tuna masa cewa ya dubi wanda ya shirya gasar da wanda ya buga littafin kafin ya yanke hukunci.

Salo

Salon jaridar gefen shafi fili ne ya haife shi. Gefen littafi bai fi faɗin yatsa biyu ba, ga kuma tsoron kada ma'aikaci ya gan ka, saboda haka ba gabatarwa, ba neman afuwa irin wadda na buɗe da ita. Jimla ɗaya ce, sau da yawa tambaya. Karin magana na da kasuwa ƙwarai a nan, domin ita ce hanyar faɗin abu mai yawa a ƙaramin wuri, haka nan habaici da gatse. Na ga inda wani ya cika gefen shafi biyu da dogon bayani cikin Turanci, aka amsa masa da kalma biyu kacal: "Sannu, Farfesa."

Akwai kuma barkwanci irin na taubasai. Basakkwace ya rubuta "shina da kyau", Bakano ya soke ya mayar "yana", Bazazzagi ya zo ya ce Bakano ya bari sai ya koyi ladabi wajen iyayen gidansa kafin ya gyara wa wani, wani kuma ya zo ya tambayi Bazazzagin yaushe bawa ya fara sa baki. Ba wanda ya ji haushi, ko in ce ba mu da labarin wanda ya ji. Abin sha'awa shi ne, idan ka dubi tawadar za ka ga wata ta koɗe ta zama ruwan ƙasa, wata kuwa sabuwa fil. Mai yiwuwa wanda ya fara tsokanar yanzu yana da jikoki. Hirar da muke yi a WhatsApp kan nutse cikin kwana biyu, ta gefen shafi kuwa tana iya jiran amsa shekara talatin.

Inda Ta Gaza

To, yabon ya isa haka. Aibin farko na wannan jarida shi ne rashin hujja. Mai biro kan jefa magana ya tafi, ba ya tsayawa ya kare ta. Misali mafi muni shi ne kalmar "sata" da wani ya rubuta da manyan haruffa a shafin farko na Magana Jari Ce. Na gane abin da yake nufi. Sananne ne cewa Imam ya ɗebo labarai da yawa daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da wasu wurare, kuma shi kansa akun da ke ba da labari don ya tsare mutum a gida tsohon abu ne a adabin Indiya da Farisa. Manazarta sun yi rubutu mai yawa a kan haka. Amma aikin mai sharhi daga nan yake farawa. Sai ya nuna mana me Imam ya tarar, me ya zubar, me ya ƙara, yadda ya zaunar da baƙon labari a fadar Sarki Abdurrahman tsakanin Waziri da fadawa da dogarai, ya sa masa kirari da karin magana har mai karatu ya rantse a ƙauyensu abin ya faru. Mai kalmar "sata" ya ji ƙishin-ƙishin ne, ya yi hukunci, ya bar wa duk ɗan aji ɗaya da zai buɗe littafin wani tabo a zuciya kafin ya karanta layi guda.

Aibi na biyu shi ne gyaran gangan. Akwai masu bin tsofaffin bugu da jar biro suna raba kalmomi, suna haɗe wasu, suna sa lanƙwasa, wai suna daidaita rubutu. Sun manta ƙa'idojin da muke bi yau ba rana ɗaya suka sauko ba. An yi ta zama a kansu, har da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Tsohon bugu shaida ne na yadda ake rubuta Hausa a zamaninsa, wanda ya gyara shi ya shafe wa mai nazarin tarihin rubutu sawun da yake bi.

Aibi na uku shi ne wanda ya fi mini ciwo, domin ni ya taɓa. Hannun da ya saba taɓa littafin jama'a da biro ba ya jin nauyin taɓa shi da reza. Kwafin Jiki Magayi ɗin nan da na ambata, da na zo ƙarshensa sai na tarar an yanke ganye biyu na ƙarshe, yanka mai kyau, da gani an yi amfani da rula. Shi kaɗai ne a kanta, ga aiki ana karɓa washegari. Na rubuta kammalawata bisa abin da wani abokina ya ce yana tunawa, ashe ya haɗa da ƙarshen wani littafin dabam. Makin da na samu ba na faɗa ba ne a mujalla. Ni nawa maki ne, ya wuce. Amma a kantar nan akwai littattafan da ba a samun su a kasuwa cikin sauƙi, irin su Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da wasu ƙananan littattafan waƙoƙi na da. In aka yanke ganye daga irin waɗannan, ɗaliban da za su zo bayanmu aka yanka.

Don kada a ce na tsaya bisa tudu ina wa'azi, ni ma na taɓa yi. Ina aji ɗaya na rubuta wata magana a gefen Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ina jin na faɗi abin da ba wanda ya taɓa faɗa. Bana na koma na duba. Wani ya amsa mini a ƙasa cewa in karanta littafin har ƙarshe tukuna. Gaskiyarsa, a lokacin ban kai rabi ba.

Kammalawa

Hukuncina a taƙaice shi ne, mu ɗaliban Hausa muna da sharhi iri biyu, kowanne da rabin abin da ake bukata. Wanda muke miƙa wa malamai yana da tsari: ga jigo, ga warwarar jigo, ga zubi, ga salo, ga taurari, kowanne da lambarsa. Sai dai in ka karanta takardu ashirin za ka ga ra'ayi ɗaya ne, shi ne na takardar lacca, domin kowa na tsoron kauce wa hanya ya faɗi. Na gefen shafi kuwa yana da ƙarfin hali da idon gani, amma ba ya kawo hujja, ba ya sa suna, kuma littafin jama'a ke biyan kuɗinsa. Wanda ya tambayi wane ne na kirki tsakanin Alhaji Imam da Zurƙe, ina kyautata zaton da ya shiga ɗakin jarrabawa jarunta da biyayya ya rubuta kamar kowa. Wannan hasara ce gare shi, hasara ce ga sashe. Ina kuma roƙon malamanmu su dubi nasu kason a ciki, domin ɗalibi ba ya ɓoye ra'ayinsa a bayan kanta sai in ya ga ba a maraba da shi a aji.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Ta farko, wannan mujalla ta buɗe fili na musamman inda ɗalibi zai kawo tambaya ɗaya ko ra'ayi ɗaya a kan wani littafi, komai gajartarsa, da sharaɗin ya ambaci shafi ya kuma sa sunansa, a fitowa ta gaba wani ya amsa masa. Ta biyu, mu nemi izinin hukumar laburare mu ajiye babban littafin rubutu a kusa da kantarmu, mai lissafin gari da mai cigiyar hula da mai zana zuciya duk su sauke kayansu a can. Ta uku, mu ware Asabar ɗaya a kowane zango mu je mu taimaki ma'aikata da liƙi da ɗinkin littattafan Hausa, mu rubuta sunayen waɗanda suka rasa ganye, mu nemo cikonsu wajen malamai da tsofaffin ɗalibai.

Wanda kuma ya yanke ƙarshen Jiki Magayi, in har yana karanta wannan, ba na neman sanin sunansa. Ya sa ganyen biyu cikin ambulan ya tura ta ƙarƙashin ƙofar ofishin ƙungiya, ni zan kai su a liƙa. Allah ya sa mu dace, amin.